Matsalar canjin giya a tsohuwar mota mai otomatik

Matsalar canjin giya a mota mai otomatik ita ce duk wata tangarɗa da ke hana giyabos ɗaukar giya a kan kari, ko riƙe ta bayan ya ɗauka. An fi ganinta a motocin da suka sha tafiya, irin su Toyota Camry da Corolla da Honda Accord ƙirar ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000, waɗanda da yawansu ta Kwatano suka shigo bayan sun gama yi wa masu su na farko bauta a Amurka ko Turai. Motar Amurka da mil take ƙirga tafiyarta, don haka wadda agogonta ya nuna 200,000 ta haura kilomita 320,000, wannan ma in ba a mayar da agogon baya ba.

Yadda giyabos ɗin yake aiki

Kamfanin General Motors ne ya fara sayar da irin wannan giyabos da yawa, da sunan Hydra-Matic, a motocin Oldsmobile na 1940. A madadin kulocin da direba ke takawa, akwai konbata tsakanin inji da giyabos, wata ƙwaryar ƙarfe cike da mai, kuma man ne ke miƙa ƙarfin inji. Famfo na tura man cikin wani faranti mai ƙananan hanyoyi da bawuloli, burenbos, wato kwamfutar motar, na buɗe su da rufe su ta hanyar wasu makunnan lantarki da ake kira solonoyid, man kuma ya matse faifayen da makanikai ke kira faiba, sai giya ta shiga. Ke nan man giya a nan aiki uku yake yi: ɗaukar ƙarfi, matse faiba, da sanyaya ƙarfe. Shi ya sa ƙarancin lita ɗaya, wanda giyar hannu za ta iya jurewa na ɗan lokaci, yake bayyana nan take a otomatik.

Alamomi

Wadda aka fi sani ita ce zamewa: direba ya taka totur, inji ya yi kuka, mota ba ta ƙara gudu ba. Akwai jinkiri, inda za a sa D, wato giyar gaba, ko ribas da safe a yi daƙiƙu kafin ta kama. Akwai shiga da duka, kamar an bugi motar ta baya. Akwai kuma maƙalewa a giya ta biyu ko ta uku. Wannan ta ƙarshen tana tayar da hankali amma sau da yawa ita ce mai sauƙi, domin burenbos ne da kansa ya tsare motar a giya ɗaya da ya ga abin da bai gamsu da shi ba, don ta lallaɓa zuwa gareji. A tsofaffin Honda fitilar D4 kan riƙa ƙiftawa a wannan hali, a Toyota kuma ta O/D OFF.

Bincike

Da mai ake farawa. A yawancin Toyota ana duba gejin ne inji na aiki, mota ta yi zafi, tana kan P a wuri mai daidai. A Honda kuwa ana kashe injin sannan a duba nan da nan. Lafiyayyen mai ja ne garau. In ya yi duhu ba wari, ya tsufa ne kawai. In ya yi baƙi yana ƙauri, faiba ta ƙone. In ya koma kamar an zuba wa zoɓo madara, ruwa ya shiga, kuma galibi ta lagireto, domin bututun sanyaya man giya ta cikinsa ya ratsa. Ruwa kuwa yana ɓamɓare fatar faiba daga ƙarfenta.

Irin man ma abin tambaya ne. Dexron na General Motors, Type T-IV da WS na Toyota, da ATF-Z1 na Honda wanda DW-1 ya gada, duk da kusan launinsu ɗaya, santsinsu ya bambanta. Wanda ya ciko giyabos da jan mai na awo a bakin tasha, bai san me aka ɗura masa ba.

Daga nan sai lantarki. Tun 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da soket ɗin OBD-II a ƙasan sitiyari, inda ake jona na'urar karanta lambobi. P0700 na nufin akwai ƙorafi daga sashen giya, P0715 da P0720 sensar gudu ta shiga da ta fita, P0750 solonoyid, P0740 kulocin konbata. Lamba dai hanya take nunawa, ba ta yanke hukunci: wayar da ɓera ya ci a motar da ta kwana kusa da rumbu za ta ba da lambar da mataccen solonoyid zai bayar. In allurar gudu ta mutu tare da rikicewar giya, sensar gudu ake fara tuhuma. Raunin batir ko sakakkiyar wayar at, wadda ke haɗa batir da jikin mota, ma kan rikita burenbos.

Wasu laifuffukan ba na giyabos ba ne sam. Fulogin da ba ya wuta na sa kakkarwa mai kama da ta konbata, tsinkakken mazaunin inji na sa ƙara in an sa giya, kuma in sandar giya ta ƙi fita daga P, sau da yawa makunnin fitilar birki ne. An sauke giyabos masu lafiya da dama a kan irin waɗannan.

Yanayin karkara

Zafi ne babban makashin giyabos, kuma a bazarar Kano da Jigawa ana haura digiri 40 a inuwa. Ga lodi: motar mutum biyar ce za ta ɗauki buhunan gero da riɗi zuwa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ko ta Dambatta ranar Lahadi. Idan taya ta nutse a rairayi ko lakar damina, direba kan yi ta jefa sanda tsakanin D da R taya na juyawa, kuma 'yan mintoci na wannan kan ci faibar da tafiyar wata guda a kwalta ba za ta ci ba. Gara a haƙe gaban taya a sa itace ko kara.

Wata ɗabi'ar da aka taso da ita daga giyar hannu ita ce turi. Otomatik ba ta tashi da turi, domin famfonta sai inji na juyawa yake aiki. Saboda wannan dalilin ne jan ta da igiya tafiya mai nisa, tayoyin da ke ja suna ƙasa, ke lalata ta: ƙarafa na juyawa babu mai a tsakaninsu.

Saɓani kan canjin mai

Makanikai da yawa na cewa kada a taɓa man tsohon giyabos, wai canji ke kashe shi. Maganar tana da tushe, amma an faɗaɗa ta. Idan faiba ta riga ta cinye, garinta da ke yawo cikin tsohon mai na iya taimaka mata ta ɗan riƙe, sabon mai kuma ya tona asiri. Wanda ya mutu bayan canji dama yana kan gargara. Ga giyabos da mansa bai yi ƙauri ba, hanya mafi aminci ita ce a kwance ƙasa a tsiyaye, a canza filta inda ake iya kai mata, a cika da irin da kamfani ya rubuta. Tsiyaya ɗaya kan fitar da lita uku zuwa huɗu ne, sauran na cikin konbata, don haka akan maimaita bayan an yi 'yan tafiye-tafiye. A kaskon da ke ƙasan giyabos akwai mayen ƙarfe: laushin baƙin gari a jikinsa ba komai, ɓarɓashin ƙarfe kuwa labari ne mara daɗi.

Gyara

In ta tabbata ciki ne, ko dai a buɗe a sa sabuwar faiba da robobi, aikin da ƙura kaɗan ke ɓatawa, ko a sayo na Beljiyam, wanda mutanen ƙauyukan Kano da Jigawa kan nema a kasuwar Ƙofar Ruwa. Ana daidaita lambar da ke jikin giyabos da soket ɗinsa, ba sunan mota da shekara kaɗai ba. Kafin a ɗaura ana wanke bututun da ke zuwa lagireto, don kada dattin tsohon ya koma cikin sabon, sannan a tabbatar konbata ta zauna har ƙarshe, in ba haka ba famfo zai fashe da tayarwar farko.