Wutsiyar adireshin intanet: me .ng da .com ke nufi?

Waɗannan haruffan da ke bayan ɗigo a ƙarshen adireshi, mene ne aikinsu?

Su ne wutsiyar adireshin. Mai haruffa biyu ta ƙasa ce ko ta wani yanki: .ng Najeriya, .ne Nijar, .gh Gana, .sd Sudan. Irin su .com da .org da .net kuwa, tun 1985 aka ware su bisa manufa: .com don kasuwanci, .org don ƙungiyoyi. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita ke kula da tsarin a duniya, ta Najeriya kuma tana hannun NiRA, ƙungiyar da ke rajistar adiresoshin intanet na ƙasar.

To me ya sa ta Chadi ta zama .td?

Daga Faransanci aka ɗauko, Tchad. Haka Jamus ta samu .de daga Deutschland.

Ke nan duk mai .tv gidan talabijin ne?

Ko kusa. Ta Tuvalu ce, 'yar ƙaramar ƙasa a tekun Fasifik da sa'a ta faɗo wa, tana ba da hayar wutsiyarta tana cika baitulmali. Tsibirin Anguilla ma ya tsinci dami a kala da .ai, tun da aka shiga yayin ƙirƙirarriyar basira, wato AI a Turance. Ta Kamaru, .cm, ita kuma 'yan damfara suka daɗe suna labewa a bayanta, suna jiran wanda ya manta harafin "o" wajen rubuta .com.

Wacce zan amince da ita idan na ga sanarwar ɗaukar aiki?

Wannan ce tambayar da ta fi damuna, ganin yadda ake yawo da irin waɗannan sanarwoyi a WhatsApp. Kowa na iya sayen .com ko .org da 'yan kuɗi kaɗan, ba mai tambayarsa ko shi wane ne. Amma .gov.ng sai ma'aikatun gwamnati, kuma sai NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, ta amince. Ita ma .edu.ng ta makarantu ce, shi ya sa Jami'ar Bayero take buk.edu.ng. Ka duba da kyau: "gov" ɗin ya zo daf da .ng a ƙarshe, ba a cusa shi tsakiyar suna ba sannan a rufe da .com.

Ita .gov zalla fa, babu .ng?

Ta gwamnatin Amurka ce kaɗai.