Fasaha: ta wayar ce ko ta mai riƙe da wayar?

Kwanan nan ba ka yin minti goma da kunna rediyo sai ka ji an ce "fasaha". Fasahar zamani, fasahar sadarwa, fasahar ƙirƙirarriyar basira. Ɗan siyasa ya raba wa matasa wayoyi, sai mai gabatar da shiri ya ce wai ya ba su fasaha. To, ashe a kwali take zuwa?

Kiran na'urori da wannan suna ya riga ya zauna, tun da 'yan jarida suka ɗaura wa "kimiyya da fasaha" aure, kuma ba ni da ja. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne amaryar ma'anar ta kori uwargida daga ɗaki.

Daga Larabci muka aro kalmar, kuma a can babu ruwanta da inji. Wanda ya taɓa zama gaban malami ya ɗauki karatun balaga, wato ilimin iya magana a Larabci, ya san misalin da ake bayarwa: Balarabe kan ce nono ya yi "afsaha" idan kumfar da ke samansa ta gushe, zallarsa ya bayyana. Haka yake faɗa wa asuba idan haskenta ya keto. Ku leƙa ruga da sassafe a gefen Alkaleri lokacin tatsa. Ƙwarya ta cika har baki, fari fat, amma kaso mai yawa kumfa ce. Sai an ɗan jira ta kwanta kafin a san abin da saniyar ta bayar. Wannan kwantawar ita ce tushen kalmar. Shi ya sa malaman suka ce kalma ba ta samun fasaha sai ta kuɓuta daga nauyi a harshe, da baƙunta a kunne, da saɓa wa ƙa'ida. Duk sharuɗɗan na ragewa ne, babu na ƙari ko ɗaya. Bahaushe kuma ya ɗauke ta daga baki ya kai ta hannu, har magini da marini da mai ɗinkin hula suka samu rabonsu.

Mu a Bauchi ma abin da ɗan ban dariya. Jami'armu ta fasaha, wadda aka kafa a 1980, sunan Abubakar Tafawa Balewa take ɗauke da shi, mutumin da duniya ta san shi da daɗin murya da iya jera magana. Ma'anonin biyu sun haɗu a allon ƙofa guda, amma ɗaya kawai ake karantawa.

Abin da ya tunzuro ni shi ne tafiyar da muka yi Yankari da ɗan ƙanwata. A Wikki ruwan nan mai ɗumi, wanda zafinsa ke tsayawa wajen digiri 31 rani da damina, garau yake, kana tsaye a ciki kana ƙirga yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Yaron ya ɗauki hoto, ya duƙa kan waya yana latse-latse, ya miƙo mini. Ruwa ya koma shuɗi kamar an zuba bula, ganye ya yi kore shar irin na leda, jan dutsen da ruwan ke fitowa daga ƙarƙashinsa ya zama kamar an shafa masa manja.

"Kawu, ka ga fasaha?"

Na ce masa ni kumfa na gani. Ya yi dariya, ya ce ai ni ɗan da ne, kuma irin wannan hoton ne ake so a Instagram. Gaskiyarsa ta wannan fuskar. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma idan idonsa launi mai ihu yake so, ba zan kai shi kotu ba. Sunan da ya ba abin ne na ƙi. Wanda ya ƙera manhajar ya yi tasa gwanintar, shi kuwa danna maɓalli ya yi.

Da muka dawo na ja shi Kafin Madaki, gidan Madaki da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, maginin da ya yi tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Laka ce da azara. Ka ɗaga kai ka ga yadda bakan gizo ya taso daga bango ya tanƙwaro, ya haɗu da 'yan'uwansa a tsakiyar rufi, kowanne yana ɗauke da nauyin wani, fiye da shekara ɗari ke nan. A waje rana na dukan ƙeya, a ciki sanyi kamar bakin randa.

Wurin da duhu-duhu, wayarsa sai ƙoƙari take ta haskaka komai da kanta, tana mayar da lakar kamar siminti. Ya ɗauka sau biyar, bai gamsu ba. Can ya kashe duk wani gyara, ya koma lungu ya tsuguna, ya jira har hasken ƙofa ya kwanta a gefen baka guda, sauran ya bar su cikin inuwarsu. Hoton bai samu masu yabo da yawa ba da ya ɗora shi. Ni dai na ce ya turo mini, na kai an wanke, yana nan rataye a zaurena.