Ƙara filtar mai a motar shiga daji: tambayoyi da amsoshi

Mota ba ta zuwa da filtarta ne tun daga kamfani?

Tana zuwa da ita. Yawancin motocin fetur na zamani suna da 'yar raga a bakin famfon mai cikin tanki, da filta ta ainihi, wani lokaci haɗe da famfon. Kamfani ya tsara su ne bisa zaton cewa daga gidan mai mai tsafta za a riƙa shan mai. Motar da ke yini a kan yashi, laka da duwatsu kuwa, sau da yawa daga jarka ko duro ake zuba mata, a fili, iska na kwaso ƙura. Ga girgiza da ke tayar da tsatsa da dattin da suka kwanta a gindin tsohon tanki. Daga nan ake fara tunanin ƙara wata filta a kan tiyon mai.

To, wa ya kamata ya ƙara?

Mai motar dizal ne kan gaba, musamman irin injin zamani da ke harba mai da matsin da kan kai bar 2,000 (bar ma'aunin matsi ne). Nozul ɗinsa, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, ba ya jure ƙwayar datti, kuma ruwa ya fi datti illa: yana cinye famfo da nozul, gyaran kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne. Shi ya sa masu Land Cruiser da Hilux da ke doguwar tafiya a hamadar Ostiraliya suka saba ƙara filta mai raba ruwa da mai, mai ɗan kofi a ƙasa da ake hango ruwan da ya taru a zubar. Sai tsohuwar mota mai kafireto da tankin ƙarfe, da babur ko ƙaramar motar daji mai ƙafa huɗu. Wanda motarsa ta fetur sabuwa ce, kuma daga gidan mai yake sha, a ganina ya bar ta yadda take. Yanka tiyo yana iya taɓa garantin kamfani, kuma kowane sabon mahaɗi wuri ne da mai zai iya yoyo.

Wace iri za a saya?

A nan aka fi yin ɓarna. Ana auna ƙanƙantar ramukan filta da maikiron. Kaurin gashin mutum ya kai kimanin 70. Kafin famfo ana sa mai faɗin rami, wajen maikiron 100, don ta tare manyan tarkace ba tare da ta shaƙe famfon ba. Bayan famfo, motar injekta, wato mai fesa fetur da nozul maimakon kafireto, tana son kimanin 10, kafireto kuma 40 ya wadatar. Injin dizal na zamani yana buƙatar 2 zuwa 5 a matakin ƙarshe. Famfon lantarki ya fi iya turawa fiye da zuƙowa, don haka idan aka sa masa filta mai matsattsen rami kafin mai ya iso gare shi, zai riƙa kuka, ya yi zafi, ya mutu da wuri.

Sai maganar matsi. 'Yar filtar roba da ake ganin mai ta cikinta an yi ta ne don kafireto, inda matsin bai wuce psi 4 zuwa 7 ba (psi ma ma'aunin matsi ne). Motar injekta tana aiki da psi 40 zuwa 60. Aka sa mata ta roba, ranar da ta fashe fetur zai fesu a kan inji mai zafi. Ta ƙarfe ake nema, da tiyon da aka yi don injekta, mai lambar SAE J30R9 a jikinsa, da kilif irin nasa.

A ina ake ɗaura ta?

Nesa da salansa, kuma sama da inda dutse ko kututture zai iya dukanta; cikin firam ya fi. A ɗaure ta da kyau kada ta riƙa lilo. Akwai kibiya a jikinta, ta kalli inji. Kafin a taɓa tiyon motar injekta, a zare fis ɗin famfon mai, a tada mota har ta mutu da kanta, sannan a cire wayar batir. Idan dizal ce, sai an fitar da iskar da ta shiga layin kafin ta tashi.

Shin tana rage ƙarfin mota?

Idan girmanta ya dace da injin, a'a. A babur da mai ke gangarowa da kansa daga tanki ne ƙaramar filta kan hana shi isa.

Ta yaya zan gane ta toshe?

Mota za ta yi lafiya a tsaye, amma da an hau tudu ko an taka totur sai ta fara cijewa tana kakkatsewa, wani lokaci ta mutu, bayan an ɗan huta ta sake tashi. A irin wannan tafiyar a riƙe wata filtar a mota, da kilif biyu da sukundireba. Mai dizal kuma ya riƙa leƙa kofin ruwan duk lokacin da ya zuba mai daga jarka.