Hukuncin Gideon: Yadda Talaka Ya Sami Lauya a Kotunan Amurka

Wane ne Gideon, kuma me ya kai shi gaban alƙali?

Clarence Earl Gideon talaka ne da bai yi nisa a karatu ba. A 1961 aka zarge shi da fasa wani gidan wasan biliyad a Panama City, jihar Florida. Da yake ba shi da kuɗin ɗaukar lauya, sai ya roƙi alƙali ya naɗa masa. Alƙalin ya ce dokar jihar ba ta ba shi wannan ikon ba, sai a laifin da ke iya kai mutum ga hukuncin kisa. Gideon ya kare kansa iya ƙoƙarinsa, aka ɗaure shi shekara biyar.

Ta yaya maganar ta kai Kotun Ƙoli?

Daga kurkuku ya rubuta ƙorafinsa da fensir. Kotun ta karɓa, ta naɗa fitaccen lauya Abe Fortas ya tsaya masa.

Me kotun ta yanke?

Ranar 18 ga Maris, 1963, alƙalan tara suka yi ittifaƙi, Mai Shari'a Hugo Black ya rubuta hukuncin. Sun ce haƙƙin samun lauya da ke cikin gyara na shida na tsarin mulki ya hau kan jihohi ma, ta hanyar gyara na 14. Da haka suka soke hukuncin Betts na 1942, wanda ya bar wa jihohi zaɓin naɗa wa talaka lauya ko ƙin naɗawa, sai in akwai wani dalili na musamman.

Shin nan take aka sallame shi?

A'a, sake shari'ar aka yi, kuma a ganina nan ne darasin yake. Tuhuma ba ta canza ba, babban mai ba da shaida ma shi ne na da. Amma wannan karon lauyan Gideon, W. Fred Turner, ya tsare mai shaidar da tambayoyi har maganarsa ta yi rauni. Masu taimaka wa alƙali suka wanke Gideon cikin kimanin awa ɗaya.

To, kowa ke samun lauya kyauta yanzu?

Ba kowa ba. A 1972 aka faɗaɗa haƙƙin zuwa ƙananan laifuffukan da suka kai ga ɗauri, amma bai shafi yawancin ƙararrakin da ba na laifi ba, kamar rikicin haya. Kuma lauyoyin da gwamnati ke naɗa wa talakawa kan yi fama da tarin shari'o'i. Wanda lauyansa ya yi sakaci kuma yake neman a soke hukuncin da aka yi masa, bisa hukuncin Strickland na 1984, sai ya nuna cewa da ba don sakacin ba, akwai yiwuwar sakamakon ya bambanta.