Waiwaye: Hutun iyali a gida ko a ƙetare, wa ke yanke shawarar?

Duk lokacin da hutun makaranta ya gabato, gidajen da ke da ɗan abin hannu kan koma wa gardama ɗaya: a kwashi yara a tsallaka iyaka, ko a zagaya cikin ƙasa? Masu son ƙetare su ce tafiya mabuɗin ilimi, gara yaro ya ga yadda wasu ke rayuwa tun ƙashinsa bai yi ƙwari ba. Masu son gida su ce ana kai wa baƙi kuɗi alhali na gida bai ƙoshi ba, kuma abin kunya ne mutum ya san lungunan wata ƙasa bai san na tasa ba. Kowanne yana ɗauka zuciyarsa ce ta zaɓa masa. In aka bi sawun maganar shekara ɗari biyu baya, sai a tarar cewa baitulmali da ofishin fasfo da kamfanonin sufuri sun fi maigida da uwargida yawan baki a cikinta.

A ƙarni na 17 da na 18 babu ma wata gardama, domin babu hutun iyali irin wanda aka sani yau. 'Ya'yan masu sarauta da manyan attajiran Ingila ne ke fita, saurayi da malaminsa, su bi ta Faransa su gangara Italiya, su shafe shekara ɗaya ko biyu suna kallon gine-gine da zane-zane. Wanda ya dawo yakan shiga sahun wayayyu. Tun daga nan fita waje ta zama tambarin daraja, kuma har gobe tambarin bai goge ba.

Jirgin ƙasa ne ya fara buɗe wa talaka ƙofa. Ranar 5 ga Yulin 1841 Thomas Cook ya kwashi mutum kusan 500 daga Leicester zuwa Loughborough, kowa a kan sule ɗaya, don halartar taron masu yaƙi da shan giya. Tafiyar yini guda ce, amma ita ta haifi sana'ar shirya wa jama'a tafiya a dunƙule. A 1855 Cook ya fara tsallakar da mutane zuwa nahiyar Turai, a 1869 kuma har Masar da Falasɗinu. Su kuwa ma'aikatan masaƙun Lancashire, a makon da ake rufe masaƙun gari don gyaran injuna, sukan ɗunguma zuwa bakin teku a Blackpool da mata da yara. Ba a biyansu ladan wannan mako, sai dai su yi ta tarin taro da sisi tun farkon shekara. Masu kuɗin da suka saba shan iska a irin waɗannan wurare, da suka ga leburori sun cika bakin ruwan, sai suka ƙara gaba zuwa kudancin Faransa da duwatsun Suwizalan. Wannan ɗabi'a za ta yi ta dawowa: duk inda talaka ya iso, mai hali ya nemi inda ya fi nisa.

Hutun da ake biyan ma'aikaci yana kwance a gida ya zo ne daga baya. A watan Yunin 1936 gwamnatin Léon Blum ta ba ma'aikatan Faransa mako biyu a shekara da cikakken albashi, ƙaramin ministanta Léo Lagrange kuma ya samo musu tikitin jirgin ƙasa mai ragin kashi 40 cikin ɗari. Iyalai da yawa a ranin nan suka fara ganin teku da idonsu. An ƙara mako na uku a 1956, na huɗu a 1969, na biyar a 1982. A Birtaniya dokar hutu da albashi ta fito a 1938, shekara biyu bayan Billy Butlin ya buɗe sansaninsa na farko a Skegness, inda iyali ke samun ɗaki da abinci da wasannin yara a kan kuɗi ɗaya. Ga wannan tsara, hutu yana nufin cikin ƙasa, kuma babu wanda ke jin ya ƙasƙanta don haka.

Kiran a yi hutu a gida don kishin ƙasa kuwa, Amurka ce ta fara mayar da shi take. A 1906 'yan kasuwa da jami'an jihohin yamma suka taru a Salt Lake City suna kukan cewa attajiran gabashin ƙasar na kwashe dalolinsu zuwa Turai kowace shekara. Taken da suka fito da shi shi ne, in ka ga dama je ka ga Turai, amma fara ganin Amurka tukuna. Kamfanin jirgin ƙasa na Great Northern ya ɗauki taken ya manna a tallarsa ta gandun Glacier, don kuwa layin dogonsa ne ke bi ta wurin. Maganar ba ta kama sosai ba sai da yaƙin 1914 ya rufe hanyar Turai. A 1916 aka kafa hukumar kula da gandayen ƙasa, bayan yaƙi na biyu kuma mota da manyan hanyoyin da dokar 1956 ta samar suka sa hutun Ba'amurke ya zama uba a kan sitiyari, yara a baya. Har zuwa 1990, kusan mutum biyar cikin ɗari ne kawai ke da fasfo a ƙasar.

A Turai jirgin sama ne ya juya teburin. A 1950 Vladimir Raitz, mai kamfanin Horizon, ya ɗauki hayar jirgi ya kai 'yan Ingila Calvi da ke tsibirin Kosika a kan fam 32 da sule 10, har da ci da sha, kwana a cikin tanti. Kafin a farga, ƙauyen masunta irin Benidorm a Sifaniya ya cika da dogayen otal-otal. Mai aikin kanti ya gano cewa mako biyu a inda rana tabbas ce bai fi mako biyu a Blackpool cikin yayyafi tsada da wani abin kirki ba. Garuruwan bakin tekun Ingila suka fara dusashewa, wasunsu har yau ba su farfaɗo ba.

Nan ne gwamnatoci suka fara sa hannu gadan-gadan, kuma a ganina nan ne tarihin ya fi tona asiri. A 1966, da fam ya shiga tasku, gwamnatin Harold Wilson ta hana ɗan Birtaniya fita da abin da ya wuce fam 50 a shekara don yawon shaƙatawa a ƙasashen da kuɗinsu ba ya ɗaure da fam. Banki ne ke rubuta abin da ka canza a bayan fasfonka. Abin dariyar shi ne, dokar ta ƙara wa masu shirya tafiya a dunƙule kasuwa, tunda kuɗin jirgi a gida ake biyansa. An sassauta ta a 1970, sai a 1979 gwamnatin Margaret Thatcher ta soke takunkumin canji baki ɗaya. Ranar 1 ga Janairun 1968 shugaba Lyndon Johnson ya roƙi Amurkawa su dakatar da tafiyar da ba ta zama dole ba zuwa wajen nahiyoyin Amurka har shekara biyu, saboda dala na zurarewa. A 1983 gwamnatin François Mitterrand ta ƙayyade wa kowane baligi faran 2,000 na canji a shekara. Tun kafin su duka, a 1933, Hitler ya ɗora wa duk Bajamushen da zai shiga Ostiriya harajin mak 1,000, da niyyar karya otal-otal ɗin yankin Tirol da durƙusar da gwamnatin ƙasar, kuma ba a janye ba sai 1936. A kowanne daga cikin waɗannan, an yi wa jama'a wa'azin son ƙasa, alhali abin da ke ƙasa lissafin kuɗi ne ko na siyasa.

Japan ta nuna ɗaya fuskar kwabon. Sai ranar 1 ga Afrilun 1964 aka yarda wa ɗan ƙasar ya fita don buɗe ido kawai, sau ɗaya a shekara, da dala 500. Shekara 23 bayan haka, da rarar cinikinta da ƙasashen waje ta yi yawan da abokan hulɗarta suka fara guna-guni, ma'aikatar sufuri ta fito da shiri a 1987 na ninka masu fita su kai miliyan 10. An cimma adadin a 1990, kafin wa'adi. Wato a ƙasa ɗaya, cikin tsara ɗaya, zama gida ya kasance hidima ga ƙasa, sannan fita waje ta zama hidima ga ƙasa. Koriya ta Kudu ma a 1983 masu shekara 50 zuwa sama kaɗai ta bari su fita yawon buɗe ido, su ma sai sun ajiye kuɗi a banki, ba ta saki kowa da kowa ba sai 1989. Sin kuwa ta ƙirƙiro dogon hutun mako guda a 1999 don mutanenta su zagaya su kashe kuɗi a cikin gida.

Inda aka tsare mutum da ƙarfi, ƙetare kan zame masa abin mafarki. Iyalan Jamus ta Gabas na da gidajen hutun ƙungiyar ƙwadago a bakin tekun Baltik, masu rahusa, amma ransu na kan tafkin Balaton a Hangare, inda za su iya haɗuwa da danginsu na Yamma. 'Yancin tafiya na cikin manyan buƙatun masu zanga-zangar 1989, kuma sanarwar sabuwar dokar tafiye-tafiye ce ta sa jama'a suka yi dafifi a katangar Balin daren 9 ga Nuwamba.

Daga nan sai ambaliya. Turai ta kammala sakin kasuwar jiragen samanta a 1997, yarjejeniyar Schengen, wadda ta cire binciken kan iyaka tsakanin wasu ƙasashen Turai, ta fara aiki a 1995, kamfanoni irin Ryanair da easyJet suka karya farashi har tikitin jirgin sama ya kan fi na jirgin ƙasa araha. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga baƙi miliyan 25 da suka tsallaka iyaka a 1950, a 2019 kuma kusan biliyan ɗaya da rabi. Hotunan Facebook da Instagram suka mayar da tsohon tambarin darajar nan abin da maƙwabci ke gani nan take, kuma yaro ya dawo makaranta ya ji abokansa na lissafin ƙasashen da suka taka.

Sai dai wannan hayaniya na ɓoye wani abu. Ita dai hukumar ta ƙiyasta cewa a 2018 an yi tafiyar kwana a cikin gida har biliyan 9, ninki shida na tafiyar ƙetare. A Faransa, inda dokar hutu ta yi suna, kusan mutum huɗu cikin goma ba sa zuwa ko'ina a shekara. Ga mai fasfon da ba ya buɗe ƙofa da kansa kuwa, akwai layin biza, da takardun banki, da yuro 90 na bizar Schengen ga kowane babba, wanda ba a mayarwa in an hana. Gardamar gida ko waje ta masu zaɓi ce, kuma su ne tsiraru.

Akwai kuma kalandar makaranta, wadda ke bambanta mai iyali da gwauro. Duk iyaye a makonni ɗaya suke neman kujera da ɗaki, farashi kuma ya bi su. A Ingila wani uba daga tsibirin Wight ya ƙi biyan tarar fam 60 bayan ya kai 'yarsa Florida ana cikin zangon karatu, shari'ar ta kai kotun ƙoli, ta kayar da shi a 2017. Daga Agustan 2024 tarar ta koma fam 80 a kan kowane uba ko uwa, kowane yaro, kuma iyaye da dama na biya da murmushi, don ragin da suka samu a tikiti ya ninka ta.

Karayar tattalin arziki ta 2008 ta dawo da hutun gida da sabon suna, "staycation", kalmar da ta shiga ƙamus ɗin Merriam-Webster a 2009. Ba'amurke na nufin ka kwana a ɗakinka kana fita yawon yini, Bature ɗan Ingila na nufin duk hutun da ba a tsallaka teku ba, abin da ke nuna cewa a wurinsa hutu na gaskiya ya riga ya koma na ƙetare. A Satumbar 2019 kamfanin Thomas Cook ya durƙushe bayan shekara 178, gwamnatin Birtaniya ta yi jigilar masu hutu kusan 150,000 da suka maƙale a ƙetare zuwa gida. Watanni kaɗan bayan haka korona ta rufe iyakoki, tafiyar ƙetare ta faɗi da sama da kashi 70 cikin ɗari a 2020. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki: Italiya ta ba iyalai masu ƙaramin ƙarfi tallafin da ya kai yuro 500 su yi hutu a cikin ƙasa, Japan kuma ta ɗauki nauyin wani kaso na kuɗin tafiyar gida. An yi ta rubuta cewa mutane sun gano kyawun gida, ba za su sake waiwayar waje ba. Ana buɗe iyakoki filayen jirgi suka cika, zuwa 2024 adadin ya kusa komawa na 2019.

Sabon abin da ya shigo gardamar shi ne muryar waɗanda a da ba a tambayarsu. A Suwidin, wajen 2018, an fara maganar kunyar hawa jirgin sama saboda hayaƙin da yake fitarwa, Faransa kuma a 2023 ta hana wasu gajerun zirga-zirgar sama a inda jirgin ƙasa ke kai mutum cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Sai masu masaukin baƙi. Birnin Venice ya fara karɓar yuro 5 daga baƙin yini a Afrilun 2024. A Yulin shekarar, mazauna Basalona da kuɗin haya ya kore su daga unguwanninsu suka fito kan titi, wasunsu riƙe da bindigar ruwa ta wasan yara, suna fesa wa baƙin da ke zaune a gidajen abinci suna ce musu su koma gida.