Manzo Bitrus da Koyarwar Fifita Nassi a kan Motsin Zuciya

Fifita Nassi a kan motsin zuciya koyarwa ce da ta yaɗu a wa'azin Kirista, musamman a ikilisiyoyin Furotesta. Abin da take cewa shi ne, idan abin da mutum yake ji a ransa, tsoro ne ko murna ko fushi ko ƙauna, ya saɓa wa abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa, to Littafin ne alƙali. A cikin manzanni goma sha biyu babu wanda aka fi kafa hujja da rayuwarsa a wannan batu kamar Siman Bitrus. Linjiloli huɗu sun ba da labarinsa fiye da na kowane almajiri, ba su kuma ɓoye gaggawarsa ko hawayensa ba. Ban da haka, wasiƙu biyu masu ɗauke da sunansa suna cikin wuraren da Sabon Alkawari ya yi magana kai tsaye a kan matsayin Nassi.

Asalinsa

Siman mutumin Betsaida ne, masunci a Tekun Galili, wani tafki mai tsawon kimanin kilomita 21 a arewacin ƙasar. Yana da aure, gidansa kuma yana Kafarnahum. Ɗan'uwansa Andarawas ne ya kai shi wurin Yesu, wanda ya raɗa masa suna Kefas, wato Bitrus, ma'ana dutse. Bai yi karatu a gaban manyan malaman Attaura ba, shi ya sa majalisar Yahudawa a Urushalima ta yi mamakin ƙarfin halinsa da na Yohanna (Ayyukan Manzanni 4:13).

Inda zuciya ta riga Magana

Labarin da masu wa'azi suka fi farawa da shi yana cikin Luka 5. Bitrus ya kwana yana su bai kama komai ba, sai Yesu ya ce ya zuba taru a zurfin ruwa. Gajiyarsa da sanin sana'arsa duk sun ce a'a, ya kuma faɗi hakan a fili, amma ya ce tunda Yesu ne ya faɗa zai zuba. Kifin da aka kama ya cika jirage biyu har suka fara nutsewa. A Matiyu 14 kuwa abin ya juya. Yesu yana tafiya a kan ruwa, da kalma ɗaya tak daga bakinsa, "Zo", Bitrus ya sauka daga jirgi ya taka ruwa. Iskar tana kaɗawa tun kafin ya sauka, umarnin da aka ba shi ma bai canza ba. Da ya mai da hankali ga iskar sai tsoro ya kama shi, ya fara nutsewa. Matiyu ne kaɗai ya rubuta wannan ɓangare na labarin.

Tsoro abu ne mai sauƙin ganewa, kowa ya san yana ɓatar da mutum. Abin da ya sa rayuwar Bitrus ta zama makaranta a wannan batu shi ne, manyan kurakuransa daga halaye masu kyau suka fito. A Kaisariya Filibi ya shaida cewa Yesu shi ne Almasihu, Ɗan Allah Rayayye, Yesu kuma ya ce masa mai albarka. 'Yan ayoyi kaɗan bayan haka, da Yesu ya fara bayyana cewa zai sha wuya a Urushalima a kashe shi, Bitrus ya ja shi gefe yana tsawata masa, yana cewa wannan ba zai taɓa faruwa da shi ba. Ƙauna ce ta sa shi magana, babu ko shakka. Duk da haka amsar da ya samu tana cikin kalmomi mafi kaushi da Yesu ya taɓa faɗa wa almajiri: ya kira shi Shaiɗan, ya ce tunaninsa na mutane ne, ba na Allah ba (Matiyu 16:23). Ƙaunar Bitrus ta ƙi abin da annabawa suka riga suka rubuta game da Bawan Ubangiji mai shan wuya, kamar yadda yake a Ishaya 53.

Haka ya sake faruwa a Getsamani. Da aka zo kama Yesu, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen dama na Malkus, bawan babban firist (Yohanna 18:10). A idon kowane mutum wannan jarumtaka ce da riƙon amana. Yesu ya ce ya mai da takobinsa kube, sa'an nan ya tambaye shi ta yaya Littattafai za su cika idan aka hana abin faruwa (Matiyu 26:54). Babu wani wuri a Linjila da aka ajiye zafin zuciyar almajiri da rubutacciyar Magana kusa da juna haka.

A daren ne kuma Yesu ya kawo annabcin Zakariya 13:7, cewa za a bugi makiyayi tumaki su watse. Bitrus ya ce ko kowa ya gudu shi ba zai gudu ba, ko da za a kashe shi. Da gaske yake, abin da yake ji ke nan a lokacin. Kafin zakara ya yi cara ya yi musun sanin Yesu sau uku a farfajiyar gidan babban firist, yana jin ɗumin wuta tare da bayi. Luka ya ce Ubangiji ya waiwaya ya dube shi, sai ya tuna da maganar Ubangiji, ya fita waje ya yi kuka mai zafi (22:61-62). Masu sharhi sukan lura cewa tunawa da maganar ce ta riga kukan. Wannan kukan ya kai shi ga tuba, baƙin cikin Yahuza kuwa, almajirin da ya ci amanar Yesu, ya kai shi ga rataye kansa.

Bayan tashin Yesu

Yohanna 20:9 ya yarda cewa ko a bakin kabarin da ba kowa a ciki, Bitrus da abokin tafiyarsa ba su riga sun fahimci Nassin da ya ce lalle Yesu ya tashi daga matattu ba. Luka 24:45 ya ce daga baya Yesu ya buɗe hankalin almajiran su gane Littattafai. Daga nan maganar Bitrus ta canza ƙwarai. A taron mutum wajen 120 ya kafa hujja da Zabura 69 da 109 kafin a zaɓi Matiyas ya maye gurbin Yahuza. Ranar Fentikos, da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajiran a Urushalima, lokacin da birni ya ruɗe har wasu suna cewa almajiran sun bugu, bai tsaya bayyana daɗin da yake ji ba. Ya kawo annabcin Yowel 2, da Zabura 16, da Zabura 110, ya ce abin da aka rubuta ne yake cika. Mutum wajen 3,000 aka yi wa baftisma a ranar.

Akwai wani ɗan ƙaramin bayani a Ayyukan Manzanni 12 da ya cancanci a tsaya a kansa. Sarki Hirudus Agaribas na Ɗaya, wanda ya mutu a shekara ta 44, ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna, ya kuma tsare Bitrus. A daren da za a fito da shi washegari, Bitrus yana barci tsakanin soja biyu, ɗaure da sarƙa biyu, barcin da sai da mala'ika ya taɓa shi a kwiɓi ya farka. Wasu masu wa'azi suna danganta wannan natsuwa da maganar Yesu a Yohanna 21:18 cewa Bitrus zai tsufa kafin a ɗaure shi. Nassin bai faɗi haka ba, fahimtar masu wa'azi ce, amma bambancin wannan mutum da wanda tambayar wata baiwa ta razana a farfajiyar babban firist har ya yi musun Yesu a bayyane yake.

Yafa da Antakiya

Labarin Karniliyus, wani hafsan sojan Roma a Kaisariya wanda ba Bayahude ba ne (Ayyukan Manzanni 10), ya hana a ɗauki koyarwar da arha. A kan soro a Yafa, Bitrus ya ga wahayi sau uku, an ce masa ya yanka ya ci daga dabbobin da Shari'ar Musa ta haramta, ya ƙi. Ƙyamar da yake ji tana da tushe a Littafin Firistoci 11, amma ta faɗaɗa har ta shafi mutane, ta yadda shiga gidan wanda ba Bayahude ba ya zama masa abin gudu. A nan motsin zuciya ya saka rigar Nassi. Daga baya ya je gidan Karniliyus a Kaisariya, ya ga Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba. Da 'yan'uwa suka tuhume shi a Urushalima, bai tsaya ga wahayin kaɗai ba, ya ce ya tuna da maganar Ubangiji game da baftisma da Ruhu Mai Tsarki (Ayyukan Manzanni 11:16). A babban taron Urushalima, wajen shekara ta 49, Bitrus ya ba da shaidar abin da ya gani, Yakubu ɗan'uwan Ubangiji kuma ya auna ta da annabcin Amos 9 kafin a yanke hukunci cewa ba dole al'ummai su yi kaciya ba.

Tsohon halin bai mutu gaba ɗaya ba. A Antakiya Bitrus yana cin abinci da Kiristocin da ba Yahudawa ba, da wasu baƙi suka zo daga wurin Yakubu sai ya janye jiki don tsoron masu ra'ayin kaciya, har Barnaba, abokin aikin Bulus, ya bi sahunsa. Bulus ya ja da shi a gaban jama'a (Galatiyawa 2:11-14). Wannan ya faru bayan Fentikos, kuma bisa fahimtar mafi yawan masana, bayan wahayin Yafa.

Wasiƙunsa

Wasiƙa ta farko an aika ta ga masu bi da ke Fantas, Galatiya, Kafadokiya, Asiya da Bitiniya, yankunan da ke cikin Turkiyya ta yau, mutanen da ke shan tsangwama. Ta kawo Ishaya 40: ɗan adam kamar ciyawa yake, ciyawa takan bushe, fure yakan kaɗe, maganar Ubangiji kuwa tana nan har abada (1:24-25). Ta ce kada su yi mamakin gwaji mai zafi kamar wani baƙon abu ne ya same su (4:12).

Ginshiƙin koyarwar yana cikin 2 Bitrus 1:16-21. Marubucin ya tuna da ranar da kamannin Yesu ya sāke a kan dutse, Musa da Iliya suka bayyana, aka ji murya daga sama. A ranar Bitrus ya ce a kafa bukkoki uku, Markus ya ce bai san abin da zai faɗa ba ne don tsoro ya kama su (9:6). Bahaushe kan ce gani ya kori ji, amma wanda ya gani da ido a nan bai bar masu karatu da ganinsa kaɗai ba. Ya tura su ga maganar annabci, ya ce su mai da hankali gare ta kamar fitila mai haske a wuri mai duhu har gari ya waye, domin annabci bai taɓa zuwa da nufin mutum ba, Ruhu Mai Tsarki ne ya izo mutane suka yi magana. Masu sharhi sun rabu a kan aya ta 19. Wasu sun ce ana nufin Nassi ya fi wahayin tabbaci, wasu sun ce wahayin ne ya ƙara tabbatar da Nassin. Ko ta wace fuska, Nassin ne aka bar wa waɗanda ba su hau dutsen ba.

Tun zamanin da akwai tababa a kan wanda ya rubuta wasiƙa ta biyu. Yusibiyas na Kaisariya, marubucin tarihin ikilisiya a ƙarni na 4, ya sa ta cikin littattafan da ake jayayya a kansu. Atanasiyas, bishop na Iskandariya, ya haɗa ta cikin littattafai 27 na Sabon Alkawari a wasiƙarsa ta shekara ta 367. Masana da yawa a yau suna ganin wani ne ya rubuta ta da sunan Bitrus bayan mutuwarsa, wasu kuma suna riƙe da cewa tasa ce. Bisa al'adar ikilisiya an kashe Bitrus a Roma zamanin Sarki Nero, bayan gobarar shekara ta 64.

Yadda ikilisiya ta riƙe koyarwar

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka ana nufin Kirista ya zama marar ji a rai. Wasiƙar Bitrus ta farko da kanta ta yi maganar farin cikin da ya fi ƙarfin faɗa (1:8), kuma sau uku Yesu ya tambayi Bitrus a bakin teku ko yana ƙaunarsa kafin ya danƙa masa kiwon tumakinsa. A kan wannan aya ta 1:8 ce Jonathan Edwards, fasto a Northampton ta Amurka, ya gina littafinsa na 1746 a kan shauƙin addini, bayan farkawar da aka yi ta kuka da suma a majami'u. Matsayinsa shi ne addinin gaskiya ba ya rasa shauƙi, amma yawan kuka ko rawar jiki ba hujja ba ce ko ta wane ɓangare, sai an auna da Nassi da kuma halin mutum. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Methodist, ya rubuta cewa ranar 24 ga Mayu 1738, da ya ji zuciyarsa ta yi ɗumi a wani taro a titin Aldersgate na Landan, tun da asuba ya buɗe Sabon Alkawari a kan 2 Bitrus 1:4, kuma ana karanta gabatarwar Martin Luther ga wasiƙar Romawa ne abin ya same shi. A ƙarni na 20 ƙungiyar Campus Crusade ta Bill Bright ta yaɗa zanen jirgin ƙasa wanda gaskiyar Magana ce injinsa, bangaskiya na biye, motsin rai kuma shi ne taragon ƙarshe. Masu suka suna ganin zanen ya rage darajar kuka da makoki waɗanda suka cika Zabura, kuma sukar tana da gaskiya a cikinta.

Kiristoci masu jin Hausa sun sami cikakken Littafi Mai Tsarki da harshensu a 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya yi babban hannu a ciki, wanda ya ba mai bi damar auna wa'azi ko mafarki da rubutacciyar Magana da kansa. Tambayar da ta rage ita ce wa ke da ikon fassara. 2 Bitrus 1:20 ta ce babu annabcin Nassi da ke bisa ra'ayin mutum ɗaya, 3:16 kuma ta yi kashedi cewa akwai abubuwa masu wuyar ganewa a wasiƙun Bulus waɗanda marasa sani suke murɗewa. Ikilisiyar Katolika tana karanta waɗannan ayoyi a matsayin hujja cewa Nassi yana tafiya tare da Al'ada da ikon koyarwa na ikilisiya, matsayin da Majalisar Vatican ta Biyu ta sake bayyanawa a 1965. Furotesta da yawa suna cewa aya ta 20 tana magana ne a kan inda annabci ya fito, wato daga Allah ba daga tunanin annabin ba, don haka Nassi ne ke fassara Nassi.