Tambayoyin samari a kan Alhaji Mamman Shata

A teburin mai shayi na ƙauyenmu, nan gefen Gumel, da an idar da Isha'i sai mai shayi ya sa mimori a 'yar rediyonsa, muryar Shata ta tashi. Dattawa su yi ta gyaɗa kai, samari kuwa su dame ni da tambaya don sun san ina tara tsofaffin kaset. Ga waɗanda suka fi maimaituwa.

Baba, Shata Bakano ne?

A'a. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923. Ya zauna a Bakori da Funtuwa, ya kuma daɗe a Kano, shi ya sa wasu ke ɗauka Bakano ne. Ga shi ya yi wa mutanen ƙasar Kano waƙa, irin su Garba Bichi.

Gado ya yi?

Ko kusa. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ba, domin a wancan zamani kiɗa roƙo ne, kuma gidansu ba na maroƙa ba ne. Da tallan goro da alewa ya fara, yana rera waƙa a dandali don nishaɗi, har abin ya fi ƙarfin hani.

Wa yake rubuta masa waƙoƙin?

Wannan ita ce tambayar da ke ba ni dariya, don yaran sun saba da mawaƙi ya shiga situdiyo da takarda a hannu, in ya yi kuskure a yanke a sake. Shata ba ya rubutawa. A tsaye yake ƙirƙira, gaban jama'a. Zai yanko amshi gajere ya miƙa wa 'yan amshi, su riƙe shi kamar turke, shi kuma ya yi ta kewayawa yana ɗora baiti: sunan mutum, garinsu, iyayensa, kyautar da ya yi, sai habaici ga wanda ya hana. Shi ya sa waƙa guda za ka same ta a kaset biyu, amshi ɗaya amma baitoci sun sha bamban.

Kada a manta da makaɗa. Kalangu, wanda asali kiɗan mahauta ne, ana matse shi a hammata. In an matsa tsarkiyarsa sauti ya hau, in an saki ya sauka. Da haka yake bin hawa da saukar maganar Hausa, har mai kunne ya ji abin da yake faɗa. Ka lura a waƙoƙinsa, wani lokaci Shata kan yi shiru ya bar kalangu ya ƙarasa zancen.

To ai duk yabon masu kuɗi ne.

Akwai yabo da yawa, ba na musu, da shi ake cin abinci. Amma ya yi wa noma waƙa, ya yi wa direbobi, ya yi ta yabon Annabi, har kumbon Apollo 11 da Amurka ta harba duniyar wata a 1969 bai tsira ba. Bakandamiyarsa kuwa kansa ya wasa a ciki. Akwai kuma waɗanda malamai suka yi tir da su, musamman ta shan giya, kuma a ganina suna da hujja.

Da gaske dakta ne?

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Gwamnatin tarayya ma ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, wato MON.

Me ya kai kabarinsa Daura?

Ya rasu a Kano a watan Yunin 1999, aka kai shi Daura aka binne, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Da na faɗi haka rannan, wani dattijo da ke gefen benci ya ajiye kofinsa ya ce wa mai shayi, "Malam, mayar mana da ta Sarkin Daura daga farko."